Biyu Cikin Biyu

Ƙarfe biyun dare, hawa na sha ɗaya.
Cebu ta yi shiru, sai fitilun tashar jiragen ruwa.
Ni da Jerwin da kofi da ya huce tun ɗazu,
da baƙin allo yana ƙifta ido, yana jira.

Layi ɗaya tak zan rubuta,
in liƙa wa unguwar tambari:
daga yau duk kwantenar da aka haifa a nan
ba za ta fito ita kaɗai ba.
Za a ɗaura mata ɗan rakiya a haƙarƙari.
Shi zai karɓi saƙo, shi zai kai,
shi zai tare baƙo a ƙofa ya ce ina takardarka,
ya kulle zance kafin ya hau waya,
ya riƙe lissafin wanda ya zo da wanda ya ɓata a hanya.

Jerwin ya ce, Merlinda, danna mana.
Na danna. Ko gezau.
Tambari ba ya taɓa wanda ya riga ya rayu,
sai an kashe an sake tayarwa.
To, muka bi su layi-layi muna kashewa,
suna dawowa da sabon lamba a gefen suna:
inda dā ɗaya cikin ɗaya,
yanzu biyu cikin biyu.

Shekara ashirin da shida ubana
yana jan babur mai kwando a gefe a garin Carcar.
Kawuna Dodong ya yi masa waldar,
shuɗin fenti, sunan uwata a goshi.
Ya ɗauki 'yan makaranta bakwai a tashi guda,
buhun shinkafa, zakaru a kwali,
wata mata da naƙuda ta kama a bakin kasuwa.
Injin ba ya sanin fasinja, in ji shi,
kwando ne ke jin nauyin kowa.

Uku saura kwata allo ya yi ja.
Tsohuwar manhajar biyan kuɗi,
wadda mai rubuta ta ya bar kamfanin tun kafin zuwana,
tana farkawa da gaggawa ta nemi rumbun bayanai
alhali ɗan rakiyarta bai ɗaura takalmi ba.
Ta buga ƙofa, babu hanya. Ta faɗi.
Ta tashi, ta sake faɗuwa. Sau tara.
Jerwin na cizon murfin biro.
Ni kuwa muryar tsoho nake ji a kunnena:
kada ki murza mai sai kwando ya zauna.
Na ƙara layi guda, na ce mata ki jira shi.
Ta jira daƙiƙa huɗu.
Kore.

Da na tafi gida a nan, da shi ke nan.

Amma akwai aikin dare, mai haɗa lissafin yini,
wanda ke gamawa ƙarfe huɗu ya kashe fitilarsa.
Yau ma ya gama, ya mutu yadda ya saba.
Ɗan rakiyarsa ne ba wanda ya gaya wa.
Yana nan a raye, ƙofa a buɗe,
yana sabunta takardarsa,
yana sauraron saƙon da ba mai aikowa.
Ɗaya cikin biyu.

Jerwin ya ce wannan sananniyar matsala ce,
akwai umarnin da ake tura masa ya kwanta.
Na san umarnin. Kalmomi biyar ne.

A bayan gidanmu, ƙarƙashin bishiyar mangwaro,
kwandon na nan bisa bulo biyu.
An sayar da babur a watan da muka binne shi,
kwandon ne uwata ta hana a taɓa.
Kaji na ƙwai a kan kujerar.
Duk Asabar tana goge sunanta da tsumma.

Gari ya fara wayewa ta wajen Mactan.
Na ce wa Jerwin ya sauka ya sayo mana burodi,
zan tura umarnin kafin ya dawo.