Mai Jiran Rana

Ina ɗan shekara sha bakwai a Kakuri,
lokacin masaƙa ta fara tari irin na mai jinya,
ya sauka da akwatuna tara da ciwon gwiwa.
Baƙin Ba'amurke ne, gemu ya soma furfura.
Sunansa ya ƙi zama a harshenmu,
ko Linwud, ko Lanwud,
sai masu shayi suka raɗa masa Mai Jiran Rana.

Ni aikina riƙe farin allo,
in tare hasken da ya ɓace hanya in kora shi fuskar mutum.
Naira hamsin a wuni, da shinkafa a leda.

Darakta na kumfar baki a kan gada,
kuɗi na zuba kamar rariya,
shi kuwa ya miƙa hannu, ya runtse ido ɗaya,
yana karanta sama a bayan tafinsa.
"Tukuna," ya ce.
Kalmar Hausa ta farko da ya koya ke nan,
ta biyu "sannu",
ta uku ba ta faɗuwa gaban manya.

Ranar Laraba, jiniyar tashi ta yi kuka.
Ma'aikata suka ɓullo, auduga a gashin ido.
Cikinsu akwai Kyauta, mai ɗaurin zare,
shekara ashirin tana tsaye gaban inji
har kunnenta na hagu ya yi ritaya kafin ita.
Na ɗaga allo da zumuɗi, na watsa mata rana.
Ya kama gwiwar hannuna, ya sauke.
Ta bakin tafinta ya ce mini:
"Baƙar fata ba kurma ba ce, yaro,
kada ka yi mata ihu da haske.
Raɗa mata, za ta amsa."

Na raɗa.
Sai ga kumatunta kamar tulun Gwari da aka shafe,
sai ga layin gumi ya zama azurfa,
sai ga gajiya, wadda duk muka saba gani,
ta tsaya cak, ta yarda a dube ta.
Daƙiƙa goma sha ɗaya.
Mun jira su tun azahar.

Ya tafi kafin ruwan farko.
Ya bar mini ma'aunin haske mai tsagaggen gilashi,
da bashin lemo biyu wajen Iya Risika.

Labarinsa ya riƙa zuwa guntu-guntu:
wai ya ɗauki yaƙi a cikin ƙanƙara,
wai shekara shida yana haska kotun ƙarya a talabijin,
wai sunansa na wucewa a ƙarshen fim
sa'ad da kowa ya miƙe neman takalmi.
Ni nakan zauna.
Mai gidan kallo ya san halina.

Jiya jikata ta miƙo mini waya:
tsoho a keken guragu, baƙar kwat ta yi masa yawa,
zaure ya miƙe tsaye, tafi kamar ruwan Agusta a kwano.
Suka ɗora masa gunkin zinariya a cinya.
Fitilu sun yi masa yawa.
Na ga ya runtse ido ɗaya,
na ga hannun ya so ɗagawa.

Sun ce kyauta ce ta aikin rayuwa.
Ni Kyauta ɗaya na sani,
tana kwance a maƙabarta bayan layin dogo,
ba ta karɓi kuɗin sallama ba,
ba ta kuma ga fim ɗin ba.
Masaƙa yanzu gidan jemage ce.

Asabar ina da biki a Tudun Nufawa.
Uwar amarya ta riga ta yi waya:
"Malam Tanimu, a haska ta sosai, ta fito fara."
Na ce to.
Zan je da wuri in ga inda taga take,
in zaunar da yarinyar kusa da ita,
in kashe fitila ɗaya in ba wanda ke kallo.
In sun ce me ake jira,
ina da kalmar da zan ba su.