Rodin Baba

Rani biyu na yi a Aliero
ina ɗura albasa a buhu,
idona na ruwa, ba don kuka ba.
Abin da ya taru na ƙulle a safa,
na hau motar Birnin Kebbi
da takardar da na jera burina a kai.

Shagon Arzika bai fi madafa girma ba.
Ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau:
"Wanga katin hoto da ka rubuta,
ko gonarku aka saida sai an yi ciko."
Ya ja biro ya kashe layi uku.
Na ji kamar a gadon bayana ya ja shi.

Ya ce, "Daga tushe ake farawa.
Zuba kuɗinka ga allo mai ramu huɗu,
ko da guda za ka cika yau.
Fawa kuma, kada ka yi mata rowa.
Wutar garin ga ba ta sallama in za ta shigo,
mai arha in za ta mutu
da 'yan rakiya take tafiya."

Firosesa ɗan Kwatano,
wani ya gaji da shi a wata ƙasa,
ni na karɓe shi da hannu biyu.
Ram, sanda ɗaya, giga takwas.
Akwati mai lotsawa a kuiɓi,
tabon ya rage mini dubu uku.
Wata fanka mai fitila kala bakwai
ta yi ta kashe mini ido daga kanta.
Na haɗiyi yawu, na ɗauki baƙa
wadda iska kawai ta sani.

Bayan isha muka baje a tabarma.
Modi na haska mini da waya,
ƙananan kusoshi a murfin kwano
don kada ɗaya ta ɓata.
Ya leƙa ciki, ya ce, "Yaya, an cuce ka.
Dubi ramuka, duk ba kowa."

Ban amsa ba. Sama da kanmu
akwai rodi goma sha shida a tsaye.
Ranar da Baba ya zuba dakin
ya bar su suna nuna sama,
ya kifa wa kowanne kwalba.
Maƙwabta suka ce Nomau ya shuka ƙarfe,
bari mu ga ranar girbi.
Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Inna ta ɗaura musu igiyar shanya,
tsatsa ta yi musu lalle.
In abokaina sun tambaya, cewa nake
ban san me tsohon yake nufi ba.

Sai ga shi da buta a hannu.
Ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara.
Bai san sunan komai a ciki ba,
amma yatsarsa ta wuce abin da ke nan
ta tsaya a kan dogon ramin da ba komai.
"Nan fa?"
"Na baɗi ne, Baba. In albasa ta yi kuɗi."
Ya daɗe yana kallo.
Ya ɗaga kai ya dubi rufi.
"To, rufe shi da kyau,
kada zanzaro ya riga ka tarewa."

Ta tashi a dannawa ta biyu.
Na rage komai zuwa ƙasa:
filin ƙwallo kore ne kawai, ba ciyawa,
'yan wasa ba inuwa,
fuskokinsu sumul kamar sabulu.
Amma raga tana motsi in an ci.
Modi ya zura mini uku,
yana ihu har kare ya amsa daga lungu.

Ina shirin ramawa aka ɗauke wuta.
Muka zauna cikin duhu
muna jin fankar tana ƙarasa juyinta,
a hankali,
a hankali.
A bisa rufi iska ta taɓa wata kwalba.