Sandar Bahago

Ban taɓa biyan ko sisi ba a ƙwallon lambu.
Ku tambayi Kallamu mai gadi,
wanda in na zo wucewa yake ɗaga kai sama
kamar an sa shi duban wata.

Ina ɗan sha uku na fara bin katanga,
can wajen Bompai, inda ciyawa ke ƙoshi da ruwa
alhali famfonmu na Gama tari yake yi.
Masu hali su buga, ƙwallo ta yi yaji,
ta faɗa kwata, ta shige ƙaya.
Ni kuwa ba ni da surukai a kwata.
Guntun sabulun Inna, tsohon buroshin haƙori,
sai ga ta fari fat.
In na tsinci huɗu, uku na sayar wa mai su,
ya yi godiya.
Ta huɗun tawa ce.

Tsinken ɗora ƙwallo, wajen Ilu mai tsire,
bayan isha'i, in ya share gindin tukuba.
A rage tsayi, a dasa masa murfin lemo a ka.
Har yau in na buga, yaji nake shaƙa.

Jaka buhun taki ce.
Barau baduku ya yi mata maratayi,
ladansa ruwan alwala na mako guda.

Saura sanda.
Wani Kwara ne, mai shagon yadi,
ramin nan ya ƙi shi sau huɗu a jere,
ya karya ta a gwiwa kamar rake,
ya yi jifa da ita, ya bi ta da zagi cikin yarensu.
Na kwashi biyun cikin riga har Ƙofar Ruwa.
Mudi mai walda ya juya ta, ya sake juyawa:
wannan ludayin na wace miya ce?
Ya ɗinke ta da wuta, ya ce je ka,
ba na karɓar kuɗin abin da ban gane ba.

Ran Litinin fili na hutawa da manya,
mu 'yan ɗaukar jaka mu shiga da silifa.
Na tsaya yadda na ga suna tsayawa,
sanda ta juya mini ƙeya.
Sagir ya yi dariya har da riƙe ciki:
ta bahago ce, wawa, ka yi tsintuwar banza!

Bai sani ba.
Da hagu aka haife ni.
Muciya ce ta kora ni dama a bakin akushi,
bulala ta ƙarasa aikin a kan allo.
Shekara goma hannun nan yana zaune cikina
kamar baƙon da aka manta a soro.
Na koma ɗaya gefen.
Na buga.
Ƙwallo ta tashi, ta haye dogon yaro,
ba ta waiwayo ba.
Sagir ya rufe baki.

Bara, wani alhaji da na yi wa dakon jaka shekara tara,
gwiwa ta ce masa ya isa,
ya kira ni Nasarawa, ya buɗe bayan mota:
sanduna sha huɗu, jakar fata, har da lema.
Ɗauka, Tasi'u, halak malak.
Na shafa su ɗaya bayan ɗaya.
Duk na dama ne.

Suna wajen Ummita, 'yar ƙanwata,
tana haƙa rami a filin makarantarsu,
ta binne gwangwanin tumatir,
tana korar awaki da lamba bakwai.

Ni da tsohuwata muna nan,
da tabon walda a tsakiyarta.
In sanyi ya yi takan ɗan yi ƙara.
Gobe Litinin.
Kallamu, akwai wata a sama, duba.