Katin Barnawa

Ranar Talata muka kai Yaya Tanimu Barnawa,
ni da shi a Keke Napep,
da ledar jiƙe-jiƙen da suka ƙi aiki.
Hularsa ta zuwa ɗaurin aure ya sa.

Kafin mu zo ya riga ya sha sunaye.
Gwaggo Ladidi ta ce gamo ya yi a bakin kogi.
Wani malami a Tudun Wada ya ce sammu.
Maman Bulus ta ce baƙin ciki ne tsagwaronsa,
tun ranar da aka rufe masaƙar Kakuri
aka sallame su ba ko sisi.
Yaran layi ba su wahalar da kansu ba,
kalma ɗaya suka jefa, dutse na bin bayanta.

Likitar matashiya ce, ta ciccije murfin bironta.
Tana tambaya, tana ƙirgawa.
Barci? Abinci? Tun yaushe?
Kana jin murya in babu kowa?
Ya ce, "Ƙarar injin saƙa nake ji da asuba."
"Ka san babu injin?"
"Na sani. Shi ya sa nake kuka."
Biron ya tsaya a sama, ya daɗe.

Ta ce a littafinsu alamu tara ne,
in biyar suka haɗu, suka haura mako biyu,
ciwo ya samu suna.
Na ce, in huɗu ne fa?
Ta yi murmushin wanda aka fama wa gyambo.
"Mutane ne suka zauna suka ja layin.
Sukan sake zama su matsar da shi."

Shida ta samu a wurin Yaya.
Ta rubuta kalmar da ba ta da masauki a bakinmu,
ta ce, "Sunan ciwon ne, shi har gobe Tanimu ne."

A kan gada ya zura katin a aljihun gaba,
inda tsohon katin masaƙa yake kwana.
Duk biyun da lamba.

Inna ta tare mu a tsakar gida: me aka ce?
Na buɗe baki, kalmar ta maƙale.
Shi ya amsa.
"An ce irina suna da yawa, Inna.
Har littafi gare mu."

Ya nemi tuwo. Rabi ya ci.