Yatsan Roba a Bayan Lepas

Ruwan Penang ya sauko da la'asar,
yana dukan kwanon masana'anta kamar mai bin bashi.
Tsoho Teoh Kim Huat ya shimfiɗa falle biyu a teburi,
ya ce, "Thilaga, rufe ido, ki shafa."

Na shafa. Duk santsi, duk sanyi.
Na buɗe ido, bai raba gardama ba.
Ya yi murmushi da haƙorinsa ɗaya na gwal:
kama da wane ba wane ba ne.

Na dama folikabonet, mai sauƙin kai.
Wuƙa na ratsa shi ba gunaguni,
tawada na kwanciya a bayansa kamar ta samu katifa,
ka ce masa ya yi tozo, ya yi tozo.
Na hagu foliyesta, ɗan taurin kai,
sai ya sha zafi yake yarda ya lanƙwasa,
ya ci kaifin wuƙa, ya ci aljihu.

Aikin da ya shigo
fuskar injin wankin ƙoda ce, guda dubu uku.
Manaja Ridzuan ya danna kwakuleta sau biyu,
ya ɗora biro a kan na dama.

Teoh bai ce uffan ba.
Ya yanko ƙyalle daga kowanne,
ya manna su kan shimfiɗar azurfa da 'yar ƙoƙon ƙarfe,
ya goge su da sifirit har hancina ya yi yaji,
sannan ya kunna yatsan roba,
wannan da ba ya gajiya, ba ya zuwa cin abinci.
Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.
Muka kashe fitila, muka bar shi da aikinsa.

A tashar bas ya ce da ni,
yana kallon ruwa, ba ni ba:
"Talata, Alhamis, Asabar,
awa huɗu nake zama gefen Siew Ngor.
Jininta na fita ta wannan bututu, ya dawo ta wancan.
Ba abin yi, sai na ƙirga.
Nas ta danna, ta goge, wata ta zo ta danna, ta goge.
Jan maɓallin nan na tsayarwa ya tsage.
Sun rufe shi da salatif."
Bas ta zo. Ya naɗe lemarsa.

Kwana biyu yatsan na sallama a ƙofa ɗaya.
Ran na uku na sa madubin ƙara girma:
na dama ya dare a gefen tozo,
siririyar tsaga kamar faso a diddige,
ƙofar da ruwa zai bi ya sami azurfa.
Na hagu ko gezau,
lamba ta haura miliyan, yana ta amsa ƙwas.

Ridzuan ya daɗe yana kallo.
Ya sosa ƙeya, ya ja tsaki ga kwakuletarsa,
ya mai da biro hagu.
Araha dai ba ta ado.

Na ɗauki na dama zan jefa a kwando,
Teoh ya riƙe min hannu.
"Laifinsa me? An kai shi inda ba gidansa ba.
Ba shi allon da ido kaɗai ke taɓawa,
ki ga haske."

Yanzu ni ke jan tawada a kan raga.
A baibai muke rubutu, ta bayan falle,
don kada yatsa ya taɓa harafi ya cinye shi.
Ja na zuba yau, ja mai kauri.
Wata nas da ban sani ba, da ƙarfe ukun dare,
za ta kai hannu ba tare da ta duba ba.

Kujerar Teoh babu kowa.
Yau Alhamis.