Ɗari da Shida

Ranar Talata muka dafa shi,
ni da Bappayo, a ɗakin gwaji na biyu
wanda tagarsa ke kallon hanyar Pindiga.
Farin gari ya fito yana ƙyalli.
Muka ce asfirin ne.
Malam Tela ya ce, "Ku dai kun ce."

Laraba ya wuni yana shan iska a kan takarda.
Alhamis muka kai shi gaban alƙali.

Alƙalin doguwar kwalba ce siririya,
tsaye kamar sandar makiyayi,
lambobi daga wuyanta har ƙafa,
cikinta ruwa mai kaifin kanwa.
A ƙasa garinmu ya narke a ɗan tulun gilashi
tare da ɗigo biyu na mai shaida
wanda ba ya buɗe baki sai tsami ya ƙare.

Na san irin shari'ar nan tun a gida.
In miyar yakuwa ta yi wa Inna Wuro gardama
sai ta jiƙa kanwa, ta zuba kaɗan, ta lasa,
ta ƙara kaɗan.
Kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta.
Ita harshenta ne ma'auni.
Ni an hana ni lasa.

Hagu a kan famfo, dama na juya tulu.
Ɗis.
Ruwan hoda ya leƙo, ya gudu.
Ɗis.
Ya dawo ya ɗan tsaya,
kamar baƙon da bai tabbatar da gidan ba.
Na riƙe numfashi, na saki rabin ɗigo.
Ya shimfiɗa buzu ya zauna.

Sha bakwai da ɗigo bakwai.
Muka sake: da ɗigo shida.
Muka sake: bakwai.

Bappayo ya daddanna waya, ya daka tsalle:
"Ɗari da shida cikin ɗari!
Kamfani ma albarka!"

Malam Tela bai kalli wayar ba.
Ya buɗe kwalbar garin, ya kai hanci,
ya miƙo mini.
Wani ɗan tsami ya tsikare ni.
Ya ce, "Mudu ba ya cin abin da ya fi mudu.
Akwai ɗanyen da bai dahu ya zama magani ba.
Ya fi maganin ƙishirwar kanwa,
da aka kira suna, shi ya amsa da ƙarfi."

Ashe gurɓata ma tana iya zuwa
sanye da rigar da ta fi ta tsarki fari.

Bappayo ya matso, murya ƙasa-ƙasa:
"Rubuta casa'in da takwas mana. Wa zai sha?"

Ba wanda zai sha, gaskiya ne.
Sai dai gwiwar Inna Wuro ta faɗo mini,
da ƙwayoyi huɗu da take ƙullewa a bakin zane,
na ranar kasuwa, marasa kwali,
tana haɗiya da bisimilla
don ta yarda wani, a wani wuri,
ya tsaya a kan rabin ɗigo dominta.

Na rubuta ɗari da shida.
A ƙasa na ƙara: bai tsarkaka ba.
Litinin za mu narkar, mu tace, mu wanke da ruwan ƙanƙara,
ko da rabinsa zai bi rariya.

Na tuttular da ruwan hodar, na ɗauraye tulu.
Motar Kumo ta riga ta tafi.
Bappayo bai yi mini magana ba har bakin titi,
sannan ya ce, "Ƙanƙarar, ni zan kawo."