Kwana Goma Sha Huɗu

Farin gari ne, sai ka ce na koko,
ba wari, ba ƙyalli.
Zeyolayit. Ba dutse ne ya haife shi ba,
tukunyar masana'anta ce ta dafa shi.

A ɗakin gwaji, can wajen Ayeduase,
ni ke auna shi, ni ke dama shi,
in ɗura wa ɓeraye biyar,
kowa gwargwadon nauyinsa.
Boakye ya ce lamba ta ishe su.
Na saci jiki na raɗa wa ɗaya suna: Tsagaggen Kunne.

Sai jira.
Rabin awa. Awa huɗu. Wayewar gari.
Ina duban numfashi, ina duban gashi,
ko ido ya kawo ruwa, ko ƙafa ta ja.
Takarda ba ruwanta da tausayi,
adadi take ci.

Da yamma na sauka Aboabo,
na tarar Iya Barira na wanki,
garin sabulu har gwiwar hannu,
jikanta na lasar kumfa.
Na fizge shi. Ta ce, "Ke dai da bokonki!"
Ban faɗa mata ɗan'uwan garina
na cikin bahonta ba.

Kwana goma sha huɗu, ba gawa.
Tsagaggen Kunne har ƙiba ya yi.
Na rubuta: ta baki, gubarsa kaɗan ce.
Ƙurarsa kuwa, a rufe hanci, a kāre ido.

Saura layi ɗaya.
Gobe za a buɗe su duka biyar
a duba hanta da ƙoda.
Na miƙa wa Boakye biro,
na ce gobe ina da biki.